Yadda zaki rubuta labarin yarinya mai jin motsin fatalwa ba tare da an ce na Turawa kika kwafo ba

Bara waccan na rubuta wani labari na yarinya 'yar SS1 da take ganin kakarta da ta rasu, na saki fej uku, wato kashi uku na labarin, a guruf ina zaune ina jiran yabo, wallahi kafin la'asar wayata ta cika da saƙo. Wata ta ce "Anti wannan ai koyar da shirka ne, matacce baya dawowa", wata ta ce fim ɗin Turawa na zauna na fassara, wata kuma ko uffan bata ce ba aya kawai ta turo min. Haushi ya sa na goge labarin gaba ɗaya a daren. Da na huce sai na ga da gaskiyarsu, musamman mai cewa na Turawa ne, don kakar da na rubuta farar riga ta saka tana ratsa bango tana hure kyandir, a gidan da idan an ɗauke wuta tocilar waya kowa yake kunnawa. To abin da na koya tun daga lokacin shi zan zayyano miki. Nace "miki" don nasan mu mata mun fi yawa a harkar rubutun onlayin, amma maza ma ku ɗauka naku ne.

Kafin ki rubuta ko layi ɗaya ki zauna ki yanke shawarar me yarinyar nan take ji. A littattafan matasa na Amurka da Ingila, waɗanda ake yi don 'yan shekara 12 zuwa 18, abin a sauƙaƙe yake: mutum ya mutu bai gama wani uzuri ba, ruhinsa ya maƙale a gidan, yarinya ta taimaka masa ya wuce, shikenan. Mai karatunki ba haka ta taso ba. Ta yi Islamiyya, ta haddace ƙarshen Suratul Mu'minun inda mamaci yake roƙon a mayar da shi duniya aka ce masa a'a, akwai barzahu a bayansu har ranar tashi, aya ta 99 da ta 100 kenan. Amma fa ita ɗin dai, da bakinta zata baki labarin wani mutumin ƙauyensu da aka binne aka yi masa sadakar bakwai, sannan bayan shekara biyu wani ɗan garin ya gan shi a Ikko yana tireda har da mata da ɗa, suna haɗa ido ya shige bayan shago ba a sake ganinsa ba. Duka biyun suna zaune a kanta lafiya lau. Aikinki ki samu hanyar da zaki taɓa tsoron nan na biyu ba tare da kin taka na farkon ba.

Hanyar da nafi so ita ce ta ƙarini. Ya zo a hadisin Muslim cewa kowane mutum akwai abokin tafiyarsa daga cikin aljanu, kuma da yawa daga malamanmu da shi suke bayanin abin da mutane ke kira fatalwa, wato ba mamacin ba ne, wani ne yake sa kamarsa da muryarsa. Kinga wannan ya fi na Turawan daɗin labari nesa ba kusa ba, don abin da yarinyarki take ji ya san duk sirrin marigayin, yasan sunan da yake kiranta da shi wanda ba wanda ya sani, yasan inda ya ajiye takardar gona, amma kuma yana iya ƙarya. Yau ya faɗa mata gaskiya guda tara gobe ya cusa ƙarya ɗaya wadda zata haɗa uwarta da baffanta faɗa. Tana kewar mahaifinta kamar ta mutu, ga muryarsa a kunnenta, kuma tasan ba shi ba ne. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe miki fej hamsin. Akwai kuma hanyar mafarki, wadda ba mai yi miki musu a kanta tunda kowa a gidansu an taɓa mafarkin mamaci yana cewa a biya masa bashi, sai dai ita bata da tsoro sosai, ta fi dacewa da labari mai sanyi mai sa kuka. Ko kuma ki bar abin a buɗe, kaka ta ce fatalwa ce, malam ya ce aljani ne, likita ya ce damuwa ce, ke marubuciya ki kama bakinki har ƙarshe. Duk wadda kika zaɓa dai ki tsaya a kanta, kar a fej na goma ya zama aljani a na talatin ya koma ruhi don kawai kin manta.

Sai kuma yadda take ji ɗin. Shawarata kar ki bari ta gani, aƙalla ba da wuri ba. Suratul A'araf aya ta 27 ta ce Shaiɗan da rundunarsa suna ganinku ta inda ku ba kwa ganinsu, kuma ko a wajen gina tsoro ma hakan ya fi aiki, da zarar kin siffanta abu da jajayen idanu da zaƙo-zaƙon farata to ya zama dodon tatsuniya, dariya za a yi. Ki zaɓar mata gaɓa ɗaya. Ni hanci na zaɓa a labarin da na sake rubutawa, ƙamshin kafur take ji, saboda shi ake sakawa a ruwan ƙarshe na wankan gawa, kuma duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa a cikin gida yasan yadda ƙamshin nan yake kwana a tabarma da labule. Ga yadda na buɗe shi:

Ramlatu na tsugune bakin rijiya tana cuɗa yunifom ɗinta, Umma na kicin tana faɗan waye ya bar murfin tukunya a ƙasa, rediyon maƙwabta na sanarwar ɗaurin aure. Sai ƙamshin ya zo. Ta ɗaga rigar ta shinshina, omo ne. Ta shinshina hannunta, omo ne. Ta kalli ƙofar ɗakin Baba da aka sa wa kwaɗo tun ranar arba'in, kaza na kwance a dokin ƙofar, sai kawai kazar ta miƙe ta matsa gefe kamar yadda take yi idan mutum zai wuce. "Ke Ramlatu wankin ne har yanzu?" "Na kusa Umma," ta ce, bata ɗauke ido daga wajen ba.

Kin lura ba dare ba ne, ba iska, ba kukan mujiya, rana ce tsaka ana sanarwar biki. Abin tsoron kaza ce ta matsa. Irin wannan nake nufi. Ke kina iya ba taki sanyi a tafin ƙafa, ko kunnenta na hagu ya toshe, ko ta ji ɗanɗanon ƙasa a baki, ko tsikar jikinta ta tashi a gefe ɗaya kawai. Ki riƙe alamar nan kar ki canja ta, bayan fej biyar masu karatu da kansu zasu fara salati da sun ga kin rubuta "sai ƙamshin ya zo".

Dokoki kuma ba sai kin ƙirƙiro ba, iyayenmu sun gama mana aikin. Kar a fita da almuru, kar a zauna a dokin ƙofa, kar a zubar da ruwan zafi a ƙasa babu bismilla, kar a yi fito da dare, kar a daɗe a banɗaki ana surutu, kar a bi ta juji ko gindin tsamiya da kuka da rana tsaka. Ki ɗauki biyu ko uku a ciki ki sa su zama gaskiya a duniyar labarinki, sauran ki bar su a matsayin camfi yadda yarinyar zata gano da kanta wanne ne ke aiki wanne ne tsoratarwar kaka kawai. Kuma dole baiwar ta ci mata wani abu. In ta ji su ta kwana da ciwon kai, ko ta kasa cin abinci, ko haddarta ta zube washegari a gaban malam a zane ta. In dai abin kyauta ne ba ya cin komai to ta zama jarumar fim, ba wanda zai tausaya mata.

Me abin yake so? Nan ne mutane ke faɗawa ɗaukar fansa da kisa, kowane labari an kashe wata an jefa a rijiya. Haba. Ki duba abin da yake damun gidajenmu bayan rasuwa mana. Bashi: ya zo a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya, shi ya sa ake tsayawa a wajen jana'iza ana cigiyar masu bin mamaci. Amana da aka ba shi ajiya ba wanda ya sani sai shi. Gadon marayu da wani baffa ya danne shekara goma yana cewa sai sun girma. Wasiyyar da aka faɗa wa mutum ɗaya a asibiti ya haɗiye. Kishiyar da aka yi wa ƙazafi ta mutu ba a wanke ta ba. Yarinya 'yar shekara 15 da ta san babban mutumin gidansu ya ci gonar marayu kuma ba ta da hujja sai ƙamshin kafur, kuma a gidan da yaro baya ɗaga ido ya kalli baffansa balle ya tuhume shi, wannan ai ya fi kowace rijiya.

Yanzu ga wajen da nake ganin labarin yake da gaske, kuma wajen da na Turawa ba zasu taimake ki ba ko kaɗan: me zai faru ranar da ta faɗa. A nasu, iyaye basa yarda, suna cewa tunaninki ne kawai. A namu matsalar ita ce za a yarda, nan take ma kuwa. Kafin magariba an kira malam mai ruƙiyya, an daka ganyen magarya guda bakwai, ga man zaitun ga habbatus sauda ga hayaƙin tazargade ya turnuƙe ɗaki, yayyenta maza biyu sun danne ta, malam na karatu a kunnenta yana tsayawa yana tambaya "waye kai, me sunanka, ta ina ka shige ta", ita kuma lafiyarta ƙalau ba kowa a jikinta, tana ta cewa "Malam ni ce fa, Ramlatu ce" ana cewa ƙarya yake yi. Ki tsaya a wannan fej ɗin ki rubuta shi a hankali. Har ki sa ta yi atishawar ƙarya don a ce ya fita a ƙyale ta. Af, kuma ganyen magaryar nan shi dai ake sawa a ruwan wankan gawa, in kina da wayo zaki yi amfani da wannan.

Bayan ruƙiyyar kuma sai surutu. Umma na roƙonta "don girman Allah kar ki sake faɗa wa kowa, waye zai auri mai aljanu", gwaggo ta ce ai gado ne daga dangin uwarta, ƙawayenta a Islamiyya sun fara matsawa in ta zauna. In kuma ta kuskura ta ce tana jin ƙamshin a jikin wani mai rai sannan ya mutu bayan kwana uku, to sunanta mayya, kuma kinsan a wasu ƙauyukan wannan kalmar tana iya sa a kori gida guda ko a yi wa mutum duka. Saboda haka yarinyarki tana da dalili mai ƙarfi na yin shiru, shirun nan kuwa shi ne injin labarin. Roƙona ɗaya, kar ki maida malamin mugu ko ɗan damfara don kawai sauƙi, ki bar shi mutumin kirki da yake iya ƙoƙarinsa amma ya yi kuskuren gane matsalar. Kuma in kin kawo farfaɗiya ko dannau ko ciwon damuwa ki nuna su a matsayin abin da asibiti ke dubawa, akwai yara masu farfaɗiya da ke karanta mu waɗanda aka hana magani shekara da shekaru ana ta yi musu hayaƙi.

Kar ki manta yarinya ce. Bata da mota, wayar ma ta Umma ce take ara da dare, kuɗin adaidaita sai ta tara na tara. Ba zata tashi ƙarfe biyun dare ta tafi maƙabarta da tocila ba, mata ko rakiyar gawa basa yi a wajenmu, ana ɗaukar makara daga zaure su sai dai kuka a cikin gida, wataƙila ma bata san inda kabarin babanta yake ba. To wa zata aika? Nan zaki samu abokin tafiyarta: ƙaninta ɗan shekara 11 mai shegen surutu wanda sai ta saye shi da awara, ko almajirin gidansu da yake shiga ko'ina ba mai kula da shi kuma ya fi ta sanin addu'o'in tsari. Ki sa mata jarabawa a gaba, ki sa mata wanke-wanke, ki sa mata faɗa da ƙawa a kan abin banza. Soyayya in zaki saka ki saka daidai shekarunta, ɗan kallo a hanyar makaranta da aron littafin lissafi, ba sai kin kawo wani hamshaƙin mai kuɗi ɗan shekara 35 da baƙar mota ba, don Allah a huta da shi haka nan.

Makarantar kwana wuri ne mai kyau sosai in kin yi ta. Firef na dare, layin famfo da asuba, banɗakin can ƙarshen hostal da ba mai zuwa ita kaɗai, siniyoyi, metiron da bata son a tashe ta. Sai dai ki bar Madam Koi Koi, fatalwar nan mai takalmi mai tsini da ake ba da labarinta a makarantun kwana, ta huta, an gaji da ƙarar takalminta. Muna da namu: a tsakiyar shekarun 1990 an yi abin da aka kira Sumbuka a Kano, 'yan mata da yawa a makarantun sakandare suna faɗuwa suna ihu wasu suna rawa, ki tambayi duk wata anti da ta yi makaranta a lokacin zata baki labarin da zai ishe ki. A Nijar ma an sha samun irinsa a makarantun 'yan mata, kuma bayanin da mutane suka fi yi shi ne an sare bishiyoyin da iskoki ke zaune a kai aka gina azuzuwa. Ki ɗauko yarinyarki ki ajiye a tsakiyar irin wannan, kowa na faɗuwa ita kaɗai ce bata faɗi ba, kuma ita kaɗai ta san su waye na gaske su waye ke yi don a tura su gida kafin jarabawa. Kinga har abin dariya kin samu, kuma ana buƙatarsa, labarin da tsoro ne tun daga farko har ƙarshe gajiyar da mutum yake.

In zaki taɓo bori to ki yi bincike tukunna, don yana da tsarinsa. Iskokin suna da birninsu Jangare, suna da gidaje da dangantaka, Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai kyauta da son caca, Malam Alhaji tsoho ne mai tari da carbi, Inna Bafillatana ita ake dangantawa da shanyewar jiki, kowanne da kiɗansa na garaya ko goge da kayan da yake sawa. Ba fatalwa ba ne su, ba kuma mayu ba ne. Na sha ganin labarin da aka zuba bori da maita da tsafi da ƙungiyar asiri a tukunya ɗaya aka juya, duk wanda ya taso kusa da tsofaffi zai gane marubuciyar bata san komai a kai ba. In ba ki da mai faɗa miki, ki tsallake shi kawai.

Wajen saki kuma, ko a WhatsApp ne ko Wattpad ko ArewaBooks, ki rubuta aƙalla fej goma ki ajiye kafin ki saki na farko, saboda irin wannan labarin sai kin san ƙarshensa sannan zaki iya binne alamu a farkonsa, in kina taifin kullum kina saki kullum zaki tsinci kanki kin yi alkawarin sirrin da ke kanki baki san shi ba. Ki yanke kowane fej a kan ƙaramin abu, ba sai an suma ba: ta ƙirga takalma a ƙofar ɗaki ta ga sun ƙaru da ɗaya, ko ƙaninta ya ce "Yaya waye kike ba hanya ɗazu a zaure". Da dare ake sakin irin wannan, bayan isha, lokacin da kowa ya kwanta da waya a hannu. Masu karantawa a YouTube ma suna son sa, to ki riƙa karanta fej ɗinki a bayyane ki ji ko jimlolin suna numfashi.

Duk aya ko hadisi ko addu'ar da zaki saka ki buɗe littafi ki duba, kar ki rubuto daga ka. Ayatul Kursiyyu ita ce ta 255 a Baƙara, Falaƙi da Nasi kowa ya sani, amma ki kula kar ki mayar da su kamar bindiga, ta karanta abu ya ƙone ƙurmus an wuce wajen, ki nuna yarinya da bakinta ke rawa tana karantawa tana mance tsakiya tana komawa farko. Ni yanzu kafin na saki duk wani fej da ya taɓo aƙida sai na tura wa wata malamar Islamiyyarmu ta duba, ta kan gyara min abu biyu uku, wani lokacin kuma sai ta turo da "to sai me ya faru da Ramlatun", nasan fej ɗin ya yi kenan. In kuma kina da niyyar buga shi a takarda ki sayar a Kano, ki tuna akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jiha tun 2001 kuma littattafai ma suna ƙarƙashinta, gara ki je ki ji ƙa'idarsu kafin ki kai wa mai buga littafi kuɗinki.